Shekarun Nazarat da Mumbari Ke Tsallakewa

Da Kirsimeti ta wuce, wa'azi a majami'unmu kan tashi daga komin dabbobi a Baitalami ya sauka bakin Kogin Urdun, inda Yesu Almasihu ya bayyana yana da shekara wajen 30. Abin da ke tsakani, wato mafi yawan kwanakinsa a duniya, ba kasafai ake jinsa a mumbari ba. A ganina wannan babban rashi ne ga mai bi.

Gaskiya ne Linjila ba ta yi dogon bayani a nan ba. Markus da Yohanna ba su taɓo yarintarsa ba. Matta ya kawo zuwan masana daga gabas, da mugun nufin Sarki Hirudus, da gudun Yusufu da Maryamu zuwa Masar da dare, jariri a hannu. Luka ne ya fi shiga cikin gida. A wurinsa muka ji an yi wa yaron kaciya an raɗa masa suna a rana ta takwas, aka kai shi Haikali bayan kwana 40. Hadayar da aka miƙa tsuntsaye biyu ce, kurciya ko tattabara, wadda sura ta 12 ta Littafin Firistoci ta yarje wa matar da ba ta da halin ɗan rago. Gidan talakawa ke nan. Nazarat ɗin ma ƙauye ne na 'yan ɗaruruwan mutane a tuddan Galili, inda ake magana da Aramiyanci, kuma a can aka san shi da sana'ar sassaƙa.

Labari ɗaya tak muke da shi na tasowarsa. Yana ɗan shekara 12 iyayensa suka tafi da shi Urushalima Idin Ƙetarewa. Ayari ya juyo gida, aka yi tafiyar yini guda kafin a farga ba ya ciki. Sai a rana ta uku suka same shi a Haikali, zaune a tsakiyar malamai. Masu wa'azi sun fi son nanata yadda amsoshinsa suka ba malaman mamaki, amma Luka ya fara ne da cewa yana sauraronsu yana yi musu tambaya. Ni na gaskata tambayar gaske yake yi, domin Lukan nan ya shaida cewa yaron ya yi ta ƙaruwa a hikima kamar yadda yake ƙaruwa a tsayi. Wanda ya ƙaru a hikima kuwa ya koya ne. A bakin Maryamu ya koyi magana, a hannun Yusufu ya koyi riƙon gizago. Ya kuma bi su Nazarat yana yi musu biyayya, aka shafe shekara kusan 18 ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Wannan zamansa mutum na gaske ya yi wa wasu nauyi tun farkon Ikkilisiya. Akwai masu cewa jikinsa kama ce kawai, bai ji yunwa ko zafin ƙusa ba. Ignatiyus na Antakiya ya yaƙi wannan koyarwa a wasiƙunsa a farkon ƙarni na 2. A ƙarnin ne kuma aka rubuta wani littafi da aka jingina wa Toma, wanda ya cike shekarun yarinta da al'ajabai, har da yaro Yesu yana la'antar ɗan'uwansa yaro ya faɗi matacce. Ikkilisiya ba ta sa shi cikin Littafi Mai Tsarki ba, kuma ta yi daidai. Daga baya Afolinariyus na Lawudikiya ya ce Almasihu ya ɗauki jiki amma ba shi da hankali irin na ɗan Adam. Giregori na Naziyanzus ya mayar masa da cewa duk ɓangaren mutum da Almasihu bai ɗauka ba, to bai sami waraka ba. Taron Kustantiniya na shekarar 381 ya ƙi ra'ayin Afolinariyus, na Kalsidon a 451 ya tabbatar da abin da yawancin Kirista ke riƙe da shi har yau: cikakken Allah ne, cikakken mutum ne.

Duba misalan Yesu ka ga inda ya tashi: mace tana cuɗa yisti da gari, wata tana share ɗaki don neman kuɗin da ya ɓace, facin sabon ƙyalle a tsohuwar riga. Idon yaron da ya girma a tsakar gida ne ya ga waɗannan. Shi ne kuma ya gaji ya zauna a bakin rijiya a Samariya, ya yi kuka a kabarin Li'azaru.

Don haka ina roƙon fastoci da malaman makarantar Lahadi su keɓe ko Lahadi ɗaya tsakanin Kirsimeti da Ista don shekarun Nazarat. A majami'unmu akwai yaran da rikici ya raba da garuruwansu, akwai masu koyon sana'a a shagon kafinta da na tela. A gaya musu Ubangijinsu ya yi gudun hijira a goye, ya kuma ci abinci da guminsa. Ku iyaye kuma, idan yaro ya kawo tambaya a kan bangaskiya, ku zauna ku saurare shi, ku ba shi amsa.