Jerar Filip, ɗan wasan kwaikwayo

An haifi Jerar Filip a garin Kan, bakin teku, a kudancin Faransa, cikin shekarar 1922. Ya fara karatun shari'a, sannan ya bar shi, ya kama wasan kwaikwayo.

A lokacin nan, shiga gidan wasa yana da tsada. Talaka ba ya iya biya. A 1951 Jerar ya shiga ƙungiyar Jan Bilar, wadda ta rage kuɗin shiga don ma'aikata da ƴan lakkwal su samu kallo. Can ya fito cikin wasan "Le Cid" na Kornei. Shi ne Rodrig, saurayin da ya kashe uban budurwarshi don ya kare mutuncin nashi uban.

A 1952, silimar "Fanfan la Tulipe" ta ƙara watsa sunanshi cikin duniya.

Ciwon daji na hanta ya kashe shi a 1959, yana da shekara 36. Aka bizne shi da tufafin Rodrig. Yau makarantu da gidajen wasa da yawa na Faransa suna ɗauke da sunanshi.

Tambaya: Don mi aka rage kuɗin shiga?