Gargaɗi ga Duk Wanda Aka Sa wa Ƙarfe a Ƙugu

Jama'a, a saurara, wanda ya ji kuma ya gaya wa wanda bai ji ba. Duk wanda aka yi wa aikin sauya gaɓar ƙugu, a Asibitin Ƙashi na Dala ne ko a Indiya ko Masar, kada ya ɗauka tunda ciwo ya tafi an gama. Ƙashin da ke riƙe da ƙarfen yana iya zaizayewa shekara da shekaru, mai shi bai ji ko zogi ba.

Tun 1892 wani likitan Jamus, Julius Wolff, ya nuna cewa ƙashi yana yin ƙwari ne gwargwadon nauyin da yake ɗauka. To, ƙarfen da aka zura cikin ƙashin cinya ya fi ƙashin tauri, sai ya karɓe kayan, saman ƙashin kuwa ya rasa aikin yi, ya soma ramewa, musamman a shekarar farko. Can gaba kuma robar da ke cikin gurbin gaɓar takan goge. Garin yaƙar ɓurɓushinta sai jiki ya cinye ƙashinsa da kansa, ƙarfe ya fara girgiɗi kamar turke a rairayi. Daga nan ɗan santsi a makewayi ya isa ya jawo karaya.

Masu sikila, ku na fi jiye wa, domin da ƙuruciya ake yi muku aikin, ƙarfen kuma zai daɗe yana ɗaukar ku. Haka iyayenmu mata da al'ada ta ɗauke musu, da masu shan taba, da masu haɗiyar dexamethasone don neman ƙiba.

A riƙa komawa wurin likitan ƙashi a ɗauki hoto a lokutan da ya tsara, ko da lafiya lau ake ji, a kuma tambaye shi batun awon ƙwarin ƙashi na DEXA. Sabon ciwo a cinya ko matsematsi, ɗingishi, ko ƙafa ta gajarce, kada a jira sati. In an faɗi, don Allah kar a kai wa mai ɗori. Ƙashin da ke da ƙarfe a ciki ba a jansa.

A adana takardar da ke nuna samfurin ƙarfen. A 2010 kamfanin DePuy ya janye samfurinsa na ASR daga kasuwa, wanda aka sa wa shi kuwa yana buƙatar gwajin jini na kobalt da kuromiyam.