Wa Ya Ce Sai Ka Bar Gona Kafin Ka Buga Kati?

A Kiéché da garuruwan da ke kewaye da ita, daga Dogondutsi har Tibiri, akwai maganar da ake yi wa duk mai abin yi a hannu in ya ce zai ƙara da wata ƴar sana'a. Malamin lakwal ne, ko manomi, ko matar aure mai ƴaƴa, da zarar ya ce yana son ya nemi ƙaramin injin ɗab'i ya riƙa buga katin gayyatar aure da na suna da na barka da salla, abin da zai fara ji daga manya shi ne: "Ɗana, taura biyu ba ta taunuwa. Ko ka riƙe aikinka, ko ka sake shi ka rungumi wannan gaba ɗaya." Wani kawun ma sai ya ƙara da cewa abin da ake yi a zaure bayan la'asar ba sana'a ba ce, wasa da kuɗi ne.

Masu faɗin haka ba maƙiya ba ne. Iyaye ne da suka ga jari ya narke a hannun mutane, suka ga wanda ya raba hankalinsa biyu ya tashi ba tsuntsu ba tarko. Ina ganin girman tsoronsu, ina kuma sauraronsu. Amma hukuncin nasu ban yarda da shi ba. A kan sana'ar kati, a gari irin Kiéché, wanda ya saki komai ya rungume ta shi ya fi kusa da karyewa, wanda ya riƙe ta a gefen rayuwarsa kuwa shi zai daɗe a cikinta.

Mu fara duba yadda Arawa, mutanen wannan yanki, suke rayuwa tun kaka da kakanni. Ruwan sama a nan daga wajen Yuni ne zuwa Satumba, sai kaka, sai a ɗaure gero a kai rumbu. Sauran watannin fa? Maƙerin da ya ƙera maka hauya, ranar da aka yi ruwan shuka a gonarsa za ka same shi. Wanzami manomi ne, masaƙi manomi ne, malamin da ke rubuta allo yana zayyana shi ma yana da gonarsa, kuma tsakanin sallar azahar da la'asar ga hula a hannunsa yana ɗinki. Masu lambu a Dallol Mawri, inda ruwa bai da zurfi, da rani suke aikinsu bayan sun gama da gonar tudu. Samarin da ke tafiya cin rani Sakkwato, Legas, Kwatano ko Abijan suna dawowa kafin damina. Matar gida tana daka, tana reno, tana kuma soya ƙuli-ƙuli yara na kai talla. Ba wanda ya taɓa ce wa waɗannan su zaɓi ɗaya. Shekararmu ce ta rabu, sana'o'inmu suka bi rabonta. To me ya sa sai da aka zo kan takarda da tawada aka tuna da karin maganar taura? Ina jin don sana'ar baƙuwa ce a idon mutane, suna ganinta ta birni, ta masu shago da allon suna a bakin titi.

Ga lissafin da ya kamata kawu ya yi tare da ɗansa kafin ya hana shi. Biki nawa ake yi a Kiéché da ƙauyukanta a wata? A cikinsu nawa ne za su buga kati, tunda da yawa rabon goro da aike sun wadatar da su? Wanda ya kama haya, ya ɗauki yaro, ya ce daga wannan injin zai ci ya sha ya biya kuɗin magani, watanni biyu na damina sun isa su kwantar da shi, domin lokacin kowa yana gona, aljihu ya bushe, aure ya yi ƙaranci. Wanda kuwa tuwon gidansa daga rumbu ko daga albashi yake fitowa, in ba aiki sai ya lulluɓe injin da zane don ƙura, ya tafi sabgarsa. Inji ba ya cin dusa. Kuma aikin kati yana zuwa ne daidai lokacin da gona ta saki hannun mutum: bayan kaka, da aka sayar da wake da gyaɗa aka sa ranakun aure, gab da azumi, da kowa ke son amarya ta tare kafin a ga wata, sai salloli biyu, sai walimar sauka da dawowar alhazai. Ƙanƙantar kasuwar, wadda ake kawowa hujjar hani, ita ce dalilin da ya sa sana'ar ta dace da mai wani abin dogaro.

Yanayin aikin kansa ma yana goyon bayan wannan. Ɗab'in asali, irin wanda Gutenberg ya kafa a birnin Mainz na Jamus wajen 1450, da haruffan dalma ake yinsa. Kowane harafi ɗan sanda ne guda, fuskarsa a juye. Mai ɗab'i yana tsintar su ɗaya bayan ɗaya daga akwati mai gidaje, ya jera layi, ya cusa siraran dalma tsakanin kalmomi har layin ya cika daidai, sannan ya ɗaure duka a cikin firam na ƙarfe, ya matse yadda in ya ɗaga ba harafin da zai zube. Sai ya ɗan shafa tawada a faranti, rola ta kwasa ta bi ta kan haruffan, ya sa kati, ya danna hannun inji, ya cire, ya sa wani. In launi biyu ake so, sai an wanke an sake bi da kowane kati. In an gama a wanke haruffan da kananzir, a mayar da kowanne gidansa. Abin lura a nan shi ne aikin gaɓa-gaɓa yake. Kana iya jera rubutu yau bayan isha'i, ka ɗaure, ka ajiye, gobe ka duba kuskure da idon safiya, jibi ka buga. Jerarren harafi ba ya tsami, ba ya ruɓewa. Gaɓa ɗaya ce kawai ba ta son a katse ta, wato in tawada ta hau faranti, kuma kati ɗari ko ɗari biyu na launi ɗaya aikin yamma guda ne ga wanda hannunsa ya faɗa. Mai tuyar ƙosai ba ta da wannan sararin, mai sayar da nama ma haka. Uwar da yaro ya yi kuka tana tsakiyar layi, ajiye layin za ta yi, ta dawo ta tarar da shi yadda ta bar shi.

Na san yau yawancin katin da ke yawo a hannunmu kwamfuta ce ta tsara shi, injin lantarki ya fitar, kuma mai farawa wataƙila ta nan zai fara. Hujjata ta shafe shi shi ma. Sai dai injin hannu yana da wata falala da muka ga amfaninta da idonmu. A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take bai wa Nijar, wadda ita ce kaso mafi girma na wutar ƙasar, ba a maido ba sai Maris na 2024. Duk mai sana'ar da ta dogara da lantarki ya ji a jikinsa. Injin da ƙarfin dantse ke juyawa bai san an yi ba. Irin waɗannan ƙananan injuna ma tun farko don mai aikin gefe aka ƙera su. Kamfanin Adana, wanda aka kafa a Ingila a 1922, ya yi suna ne da injin da ake ɗorawa a kan tebur, ana sayar wa mutanen da ke buga kati da tikiti a gida bayan sun tashi daga aiki.

Tarihin sana'ar cike yake da irinsu. Katin Kirsimeti na farko da aka buga don sayarwa, na 1843 a Landan, Henry Cole ne ya sa aka yi shi, kwafi 1,000, kowanne sule ɗaya, alhali shi ma'aikacin gwamnati ne a ofishin ajiyar takardu. A 1917 Leonard Woolf da matarsa Virginia suka sayi ƙaramin injin hannu suka ɗora a teburin cin abincinsu, suka koya wa kansu jera harafi. Daga nan maɗaba'ar Hogarth ta tashi. Amma ba sai mun ƙetare teku ba. Lokacin da Hukumar Talifi ta Zariya ta sa gasar rubuta littafi a 1933, Abubakar Imam malami ne a makarantar Midil ta Katsina, yana koyarwa ya rubuta Ruwan Bagaja. Abubakar Tafawa Ɓalewa malami ne a Bauci ya rubuta Shaihu Umar. Da an ce musu su jira sai sun ajiye alli, da adabin Hausa na boko ya makara. Daga baya ne Imam ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, da ta fara fita a Janairun 1939, wato aikin gefen ne ya buɗe masa ƙofar babban. Haka littattafan da suka cika kasuwannin Kano daga shekarun 1980: da yawa matan aure ne suka rubuta su a ɗakunansu, tsakanin girki da reno, aka kai ƙananan maɗaba'u da kuɗin aljihu, har suka tsallako iyaka ana karanta su a Maraɗi da Ƙonni da Dogondutsi.

Yanzu in koma ga inda manya suke da gaskiya, domin suna da ita, kuma ba ƙarama ba. Ranar ɗaurin aure ba ta matsawa don mai kati yana da uzuri. In ka karɓi aiki a makon da kake da jarrabawar ɗalibai, ko ranar da za ka kai mahaifiyarka asibiti, katin ya fito bayan an shafa fatiha, ka ɓata wa mutane biki, ka ɓata sunanka, kuma a ƙaramin gari suna in ya ɓaci gyaransa da wuya. Mai sana'ar gefe dole ya iya cewa, "Alhaji, ka yi haƙuri, wannan makon ba zan iya ba," ko da kuɗin na gabansa. Malamin da ya bar yara a aji ya tafi yankan takarda ya ci amana, ba ni da abin kare shi. Sannan ga babbar cutar, wadda na fi jin tsoro fiye da ƙarancin lokaci: haɗa kuɗin sana'a da na cefane. An biya jika biyar na kati da safe, da yamma an sayi magi da mai da su, ranar da takarda ta ƙare babu na sayen wata. Ga kuma dangi. Ɗiyar gwaggo za ta yi aure, wa zai iya buɗe baki ya ce a biya? Ni a ganina a yi wa gwaggo aikin hannu kyauta, gudummawa ce, amma kuɗin takarda da tawada ta kawo, a faɗa mata da ladabi tun farko. Takardar nan daga nesa take zuwa, daga Yamai mai nisan sama da kilomita 250, ko daga Najeriya, inda canjin naira da sefa da rufe iyaka, irin wanda aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, kan juya farashi dare ɗaya. Duk waɗannan haɗurra ne na gaske. Sai dai in ka duba, mai shago na cikakken lokaci ma suna kansa, har sun fi yi masa nauyi, tunda shi ba rumbun da zai koma.

Akwai masu cewa ai WhatsApp ta gama da kati. Ta rage shi, ban musa ba. Abokan ango hoto ya ishe su. Amma ba a aika wa hakimi ko liman ko surukin gobe gayyata ta waya a ce an girmama shi. Ana zuwa ne da ƙafa, a durƙusa, a miƙa goro, a ɗora kati a kai. Saboda haka abin da ake nema yanzu kati kaɗan ne mai kyau, hamsin ko ɗari, mai kauri, wanda yatsa ke jin shatin harafi a jikinsa. Babbar maɗaba'a ba ta son tayar da inji don kati hamsin. Ƙaramin mai ɗab'i na cikin gari, wanda ya san amarya ɗiyar wane ce, ya san sarautar kakanta da yadda ake jera sunayen iyalai ba tare da an sa ƙarami gaban babba ba, wannan aikinsa ne.

Abu ɗaya nake roƙon duk wanda zai shiga, ko da injin hannu ko da kwamfuta. Katunanmu da yawa har yanzu da Faransanci ake buga su, ana miƙa wa tsofaffin da sai an fassara musu gayyatar jikarsu. Tun Maris na 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar bisa sabon kundin da aka kafa. Wanda zai buga da Hausa zai ci karo da matsala tun ranar farko: akwatin haruffan da aka yi don Faransanci ko Ingilishi ba shi da ƙ, ba ɗ, ba ɓ, ba ƴ. A kwamfuta sai a nemi salon rubutun da ke da su a sauke. A injin hannu kuwa sai dai a tsara rubutun a kwamfuta, a kai wa masu yin hatimi ko masu farantin roba su fitar da shi, a manna a kan katako daidai tsayin harafi, a buga. Wahala ce ta yini ɗaya ko biyu a Dogondutsi ko Dosso, kuma kalmomin da ake maimaitawa a kowane kati, ɗaurin aure, ƴan'uwa da abokan arziki, ƙarfe kaza na safe, in an yi farantinsu sau ɗaya za su yi shekaru ana amfani da su, suna da rana da wuri kawai za a riƙa canzawa.