Bayani a Kan Gane Asalin Tsohuwar Wuƙa

Ya kai mai karatu, ka sani a ƙasar Shanga da Yawuri da Ngaski akwai gidajen da suka gaji wuƙar damtse tun kakanni. Magajin da bai san abin da ke hannunsa ba, shi dillali ke cuta.

Wuƙa abu uku ce, ruwa da ƙota da kube, kuma ba lalle gari ɗaya suka fito ba. Bature Barth, wanda ake ce wa Abdulkarim, da ya sauka Kano a 1851 ya ƙiyasta ana shigo da ruwan takobi wajen 50,000 kowace shekara ta Hamada, galibinsu ƙirar Solingen ta ƙasar Jamus. A Kano ake sa musu ƙota, dukawa su ɗinka kube, kana su bazu a hannun fatake, har da masu zuwa Gwanja, waɗanda hanyarsu ta biyo ta Yawuri. In takobi ya karye, maƙeri yakan mai da guntunsa wuƙa. Shaidar haka ita ce kwarin da ke tsakiyar ruwan ya zarce har tsini.

Amma tambarin kyarkeci, ko na jinjirin wata biyu, ba hujja ba ne shi kaɗai, domin maƙeran Hausa da na Buzaye sun kwaikwaye su.

Sa'an nan akwai ƙarfe mai zane kamar ruwa na gudana, wanda Larabawa ke kira jauhar, Turawa kuwa suna jingina shi ga Dimashƙa. Asalinsa ƙasar Hindu ne. Akan narka ƙarfe da itace cikin rufaffiyar tukunyar yumɓu, a bar shi ya huce sannu. Sana'ar ta mutu cikin ƙarni na 19, irinsa kuwa bai yawaita a ƙasar Hausa ba. Zanensa cikin jikin ƙarfen yake: in an goge wuri kaɗan ya ɓace, ɗigon lemun tsami yana komo da shi. Na jabu a fata yake, in ya tafi ba ya komowa. Wanda aka ƙera da falle-fallen ƙarfe kuwa, ana ganin layukansa a gadon bayan wuƙar.

Saboda haka kada magaji ya kai ta ga dutsen washi. Ya shafe ta da mai, ya rubuta sunan kakan da ya ɗaura ta da garin da ya samo ta, kana ya saurari dillali. Wassalam.