Ɗabi'ar da Ta Fara a Matsayin Garkuwa

A shekarar 1985 wani likita mai suna Vincent Felitti yana jagorantar sashen rage ƙiba na Kaiser Permanente a birnin San Diego na Amurka, sai wani abu ya ɗaure masa kai. Mutane da yawa suna daina zuwa sashen, kuma cikin masu guduwar har da waɗanda ƙibarsu ke zubewa sosai. Me zai sa mutum ya ga nasara da idonsa, sannan ya juya mata baya?

Ya shiga kiran su ɗaya bayan ɗaya yana yi musu tambayoyi. Wata rana ya yi suɓutar baki. Yana so ya tambayi wata mata shekarunta nawa lokacin da ta fara sanin namiji, sai ya tambaye ta nauyinta nawa a lokacin. Ta faɗi nauyin da bai wuce kilo 18 ba, ta fashe da kuka. Tana 'yar shekara huɗu aka keta mata haddi, kuma a cikin gidansu. Felitti bai tsaya nan ba. Ya tattauna da mutum 286, ya tarar fiye da rabinsu an yi lalata da su suna yara. Wasu matan sun nuna masa cewa ƙibar ce ke kawar da idon maza daga kansu. Da ta fara raguwa, tsoron nan na yarinta ya dawo, suka koma ga abinci.

Daga nan aka yi babban bincike tare da Robert Anda na CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, a kan mutum fiye da 17,000, aka fara fitar da sakamako a 1998. Wanda ya haɗu da nau'i huɗu ko fiye na wahalar yarinta, irin su duka, zagi, ko ganin ana dukan mahaifiyarsa, haɗarin zamansa mashayin giya ya ninka kusan sau bakwai, na yunƙurin kashe kansa kuwa kusan sau 12.

Shi ya sa maganar da aka saba yi take da ban haushi. Matashi ya kama shan kodin ko tiramadol, a ce lalacewa ce kawai, ko jifa aka yi masa. Mace ta riƙa tsawa ga 'ya'yanta kan abin da bai kai ya kawo ba, a ce muguwar zuciya gare ta. Babu mai tambayar abin da ya same su. Sai a ɗauko bulala da mari. A Satumban 2019 'yan sanda sun fito da ɗaruruwan maza da yara daga wani gidan horo a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa. Wanda duka ya jefa shi cikin shaye-shaye, ta yaya ƙarin duka zai fitar da shi? Ƙwace wa gurgu sanda ne ba tare da an duba ƙafar ba.

Ba kowace muguwar ɗabi'a ce ke da irin wannan tushe ba, kuma mutane da dama sun sha wuya suna yara sun tashi lafiya lau.

Gane tushen yana farawa ne daga 'yan mintocin da ke gaban aikata abin. Kafin hannu ya kai ga kwalbar, me ya faru? Wani ya ɗaga murya ne, ko dare ya yi aka bar mutum shi kaɗai, ko ƙirji ya fara bugawa? Idan aka riƙa rubuta wannan, bayan 'yan makonni abu guda zai riƙa maimaita kansa. A wannan gurbin ake saka wani abu mai kwantar da jiki: jan numfashi a hankali, alwala, tattaki, ko kiran amini. Idan raunin mai zurfi ne, sai an haɗa da likitan ƙwaƙwalwa, kuma wanda ya daɗe yana shan ƙwaya kada ya yanke ta lokaci guda ba da sanin likita ba.

Batun cewa kwana 21 sun isa a sauya hali kuwa, a bar shi. Binciken da Phillippa Lally ta jagoranta a Landan, wanda ya fito a 2009, ya nuna tsaka-tsakin lokacin kwana 66 ne, wasu 18, wasu har 254, kuma a kan ƙananan abubuwa ne kamar shan ruwa lokacin cin abinci. Waɗanda suka tsallake rana guda ba su koma farko ba.