Coin Street: Yadda Mazauna Wata Unguwa a Landan Suka Farfaɗo da Ita Bayan Rufe Masana'antu

Gabatarwa

A darasin labarin ƙasa akan koya wa ɗalibai cewa masana'antu suna daga cikin abubuwan da ke kafa gari. Inda aka gina ma'aikata, nan leburori ke neman ɗakin haya, nan mai sayar da abinci ke kafa rumfa, kafin a jima sai ga makaranta da kasuwa. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne halin da unguwar ke shiga ranar da ma'aikatar ta rufe ƙofarta. Wannan maƙala za ta duba wata unguwa guda da ta shiga wannan hali, wato Coin Street da ke yankin Waterloo a birnin Landan, domin a ga yadda mazaunanta suka hana a tashe su, suka mallaki filin unguwar, kuma suka ceci wani tsohon gini ta hanyar sama masa sabon aiki.

Yadda unguwar ta mutu

Coin Street tana gaɓar kudu ta kogin Tems, tsakanin gadar Waterloo da gadar Blackfriars. A ƙarni na 19 da farkon na 20 wannan gaɓa cike take da wuraren sauke kaya daga jiragen ruwa, da rumbunan ajiya, da maɗaba'o'i, da ƙananan ma'aikatu. A bayansu kuwa akwai jerin gidajen 'yan dako da sauran ma'aikata.

Abubuwa uku ne suka taru suka karya unguwar. Na farko shi ne ruwan bama-baman da jiragen saman Jamus suka yi wa Landan a Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya rusa gidaje masu yawa. Na biyu shi ne tsarin da hukumomi suka bi bayan yaƙin, inda suka fi son gina ofisoshi da manyan ɗakunan wasanni a bakin kogin maimakon mayar da gidajen jama'a. Na uku, wanda ya fi sauran tasiri ga aikin yi, shi ne sauyin da aka samu a harkar sufurin ruwa. Daga shekarun 1960 aka koma ɗaukar kaya a cikin kwantena, wato manyan akwatunan ƙarfe masu girma iri ɗaya da ake ɗagawa da inji. Jiragen da ke ɗaukar su suna bukatar ruwa mai zurfi da fili mai faɗi, abin da tsakiyar Landan ba ta da shi. Saboda haka sai harkar ta koma Tilbury, can ƙasan kogin wajen teku. Tsakanin 1967 da 1981 aka rufe manyan tashoshin jiragen ruwa na Landan ɗaya bayan ɗaya, rumbunan bakin kogi kuma suka zama kufai.

Yawan jama'ar yankin, wanda ya taɓa kai wa kimanin 50,000, ya ragu zuwa wajen 4,000 a farkon shekarun 1970. A nan ya kamata ɗalibi ya lura da yadda lalacewar unguwa ke ciyar da kanta. Idan iyalai suka ragu, yara sun ragu, sai a rufe makaranta. Idan aka rufe makaranta, sauran masu yara ma sai su tashi. Mai kanti ya rasa masu saye, shi ma ya naɗe kayansa. Kowace rufewa tana jawo ta gaba.

Gwagwarmayar shekara bakwai

Duk da wannan, ƙasar wurin ba ta rasa daraja ba, domin tana kallon tsakiyar birni ta ƙetaren kogi. A shekarar 1977 wasu kamfanonin gine-gine suka fito da shirin gina wani dogon otal da ɗimbin ofisoshi a kan fili mai girman eka 13, wato hekta 5 da 'yan kai. Mazauna unguwar suka ga cewa in aka yi haka, za a gina katanga tsakaninsu da kogin, kuma 'ya'yansu ba za su taɓa samun gida a inda aka haife su ba. Sai suka kafa ƙungiyar fafutuka.

Dabarar da suka yi ita ce ta bambanta su da sauran masu zanga-zanga. Ba su tsaya ga cewa ba su yarda ba. Sun zauna da masu zanen gine-gine da suka ba su goyon baya, suka tsara nasu shirin: gidaje masu sauƙin haya, da lambun shaƙatawa, da hanyar tafiya a ƙafa a bakin kogi, da shaguna, da wuraren sana'a. Suka miƙa shi ga hukuma domin neman izini kamar yadda kowane kamfani ke yi. Wannan ya sa dole a ɗora shirin nasu a kan ma'auni ɗaya da na masu kuɗi.

Sau biyu gwamnati ta kafa zaman bincike na bainar jama'a a kan filin, kowanne kuma ya ɗauki watanni. A zama na biyu, abokin karawarsu shi ne kamfanin Greycoat, wanda ya ɗauko shahararren mai zanen gine-gine Richard Rogers. Daga ƙarshe gwamnati ta ba wa shirye-shiryen biyu izini. A zahiri kamar an yi kunnen doki, amma izini ba ya gina komai sai ga wanda ƙasa ke hannunsa.

A nan ne siyasa ta shigo. A zaɓen 1981 jam'iyyar Leba ta karɓe Majalisar Babban Birnin Landan, wadda ake taƙaita sunanta da GLC, Ken Livingstone ya zama shugabanta. Majalisar tana da wani ɓangare na filin, kuma ta goyi bayan mazauna unguwa. A 1984 kamfanin ya haƙura ya sayar mata da nasa ɓangaren. A wannan shekara ce majalisar ta sayar da filin gaba ɗaya kan fam miliyan 1 ga wani kamfani da mazauna unguwar suka kafa, mai suna Coin Street Community Builders, wato maginan al'ummar Coin Street. Farashin ya yi ƙasa ne saboda majalisar ta gindaya sharuɗɗa a kan abin da za a iya ginawa a wurin. Darajar fili a birni ta dogara ga abin da doka ta yarda a yi da shi: filin da ba za a gina ofisoshi a kansa ba, ba ya da tsadar wanda za a gina. Shekara biyu bayan haka, a 1986, gwamnatin Margaret Thatcher ta rushe majalisar. Da an yi jinkiri kaɗan, da damar ta wuce.

Tsarin mallaka

Kamfanin da aka kafa ba na raba riba ba ne. Ba ya da masu hannun jari, sai mambobi, kuma sharaɗin zama mamba shi ne mutum ya kasance mazaunin yankin. Duk rarar kuɗin da aka samu, ana mayar da ita cikin ayyukan unguwa.

Tsakanin 1984 da 1988 aka rushe gine-ginen da suka lalace ƙwarai, aka kammala hanyar bakin kogi, aka buɗe lambun da aka sa wa sunan Bernie Spain, ɗaya daga cikin matan da suka jagoranci fafutukar. Daga nan aka shiga ginin gidaje a ƙarƙashin ƙungiyoyin gama kai guda huɗu, kowacce da sunan itace: Mulberry mai gida 56 a 1988, sai Palm mai 27, sai Redwood mai 78, sai Iroko mai 59 a 2001. Na ƙarshen nan sunan itacen nan ne na dazuzzukan Afirka ta Yamma da Hausawa ke kira loko. Jimillar gidajen 220 ke nan.

A ƙungiyar gama kai irin wannan, kowane ɗan haya mamba ne. Su ke karɓar kuɗin haya, su ke kula da gyare-gyare, su ke zaɓen shugabanninsu. Amma babu mai ikon sayen gidan da yake ciki ya zama nasa shi kaɗai. Hikimar wannan tana bayyana idan aka tuna cewa wata dokar 1980 ta ba 'yan hayar gidajen ƙananan hukumomi a Ingila damar sayen gidajensu da rangwame, kuma da yawa daga cikin waɗannan gidaje sun koma hannun 'yan kasuwa daga baya. Gidajen Coin Street ba su shiga kasuwa ba, saboda haka hayarsu ba ta bi tashin farashin tsakiyar Landan ba.

Hasumiyar Oxo

A cikin filin akwai wani tsohon gini da aka ƙi rushewa. An fara gina shi a ƙarshen ƙarni na 19 a matsayin tashar samar da wutar lantarki ga hukumar gidan waya. A shekarun 1920 kamfanin Liebig, mai yin dunƙulen ɗanɗanon miya na Oxo daga naman shanu, ya saye shi. Tsakanin 1928 da 1929 aka sake gina shi bisa zanen Albert Moore, aka ɗora masa hasumiya. Ana ba da labarin cewa hukuma ta hana kamfanin kafa allon talla a bakin kogi, sai mai zanen ya jera tagogi uku daga sama zuwa ƙasa a kowace fuskar hasumiyar: ta sama zagayayya, ta tsakiya mai siffar gicciye, ta ƙasa zagayayya. Da dare in aka kunna fitila, sai ga sunan kamfanin ya fito sarai, alhali kuwa tagogi ne kawai.

Ginin ya daɗe a yashe kafin kamfanin unguwar ya gyara shi bisa zanen ofishin Lifschutz Davidson, aka buɗe shi a 1996. Yadda aka raba hawa-hawansa shi ne zuciyar al'amarin. A ƙasa akwai shaguna da ɗakunan masu sana'ar hannu da wurin baje kolin zane-zane. Hawa biyar na tsakiya su ne gidajen Redwood. A hawa na takwas kuwa aka ba kamfanin Harvey Nichols hayar wurin cin abinci mai tsada, aka kuma keɓe wani sashe da kowa zai iya hawa kyauta ya kalli birni. Wato kuɗin hayar da 'yan kasuwa ke biya yana taimakawa wajen biyan bashin gyara da kula da ginin da masu ƙaramin ƙarfi ke kwana a cikinsa. Irin wannan dabara aka fara gwadawa tun 1988 a Gabriel's Wharf, inda aka jera ƙananan shaguna masu arha a wani fili da ke zaune haka nan, domin ya riƙa kawo kuɗin shiga.

Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani. Adana tsohon gini ba don tarihi kaɗai ba ne. Masana'antar siminti tana fitar da kimanin kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam ke saki a duniya, ita ce kuma iskar da ke kan gaba wajen ɗumamar yanayi. Duk ginin da aka gyara maimakon a rushe, an ci moriyar tubali da ƙarfen da aka riga aka ƙona makamashi wajen yin su. Sai dai ginin da ba a amfani da shi ba ya jurewa: rufi ya fara yoyo, danshi ya shiga bango, ƙarfen ciki ya yi tsatsa ya fasa kankare. Abin da ya ceci hasumiyar Oxo shi ne mutanen da ke shiga suna fita a cikinta kullum, da kuɗin gyara da ke shigowa kowane wata.

Inda gizo ke saƙa

Adalci ne a faɗi iyakar wannan nasara. Gida 220 kaɗan ne ƙwarai in aka kwatanta da dubban iyalan da yankin ya rasa. Bugu da ƙari, gyaran bakin kogin ya taimaka wajen jawo masu yawon buɗe ido da masu kuɗi, har gidajen da ke kewaye suka fi ƙarfin talaka. Haka kuma dogaro da kuɗin kasuwa yana da nasa haɗari. A 2008 kamfanin unguwar ya sami izinin gina bene mai hawa 43 a titin Doon, na gidajen sayarwa, da nufin samun kuɗin gina wurin ninƙaya da motsa jiki na jama'a. Masu kare kayan tarihi suka yi adawa da shirin har gaban kotu, wasu kuma suka ce waɗanda suka yaƙi dogayen gine-gine jiya su ne ke son gina nasu.

Kammalawa

Labarin Coin Street yana nuna cewa haɗin kai kaɗai bai isa ya ceci unguwa ba, ko da yake hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mazaunan sun haɗa shi da rubutaccen shiri nasu na kansu, da mallakar ƙasar ta hanyar da ba wanda zai iya yankar rabonsa ya sayar, da hanyar samun kuɗin shiga mai ɗorewa. Malamin da ke son ɗalibansa su fahimci wannan darasi zai iya fita da su zuwa wani ginin da aka yashe a garinsu, su auna shi, su zana taswirarsa, sannan su nemi amsar tambayoyi uku: wane ne mai filin, wane aiki ginin zai iya yi yanzu, kuma wa zai biya kuɗin gyaran rufinsa nan da shekara goma?