Gargaɗi ga Masu Raina Ma'aikacin Kwamfuta

Masu shagunan kwamfuta a Malam Madori da Haɗeja, da shugabannin makarantu da ofisoshi, ku saurara tun ɓarnar ba ta yi nisa ba. Wanda kuke ce wa "kai yaro" a gaban baƙi, kuke aike sayo kati ko tayar da janareta, shi ne ke riƙe da lambobin sirrin wurinku. NIN da BVN na mutanen gari ta hannunsa suke bi. In sabis ya ɗauke a balbale shi da faɗa, in wata ya ƙare a ce ya yi haƙuri kasuwa ba daɗi. Wannan zalunci ne, kuma ganganci ne.

Aikin ma ba irin na da ba ne. Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, ba iya buga takarda kaɗai ake nema ba. Ku dubi yarinyar da ta taso daga ƙauye tun asuba, tana tsakar amsa tambaya allon ya tsaya cak, lokaci na tafiya, hannunta na rawa. Wa zai cece ta in ba wanda ya san yadda aka haɗa na'urorin ɗakin ba? Cike fom da rubuta takardar neman aiki kuwa waya ta karɓe su, balle tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022. Yanzu ana cigiyar mai iya tsare bayanai daga 'yan damfara, mai lura da sola da inbata. Dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora alhakin a wuyan wanda ya karɓi bayanan jama'a. Ranka ya daɗe, kai ke nan.

Kada ku ɗauka ma'aikacin naku ba shi da wurin zuwa. Tun zamanin Gwamna Saminu Turaki Jigawa ke horar da masana kwamfuta a Kazaure. Ɗan Haɗeja, Kashifu Inuwa Abdullahi, aka naɗa shugaban hukumar bunƙasa fasahar zamani ta NITDA a 2019, ga kuma shirin 3MTT na horar da masana fasaha da aka soma a 2023. Gwanin da kuka wulaƙanta zai tattara ya nufi Kano ko Abuja, ya bar ku da wanda ko ajiye kwafin bayanai bai iya ba.

Ku yanka masa albashi a rubuce, ku biya kan kari. Ku ba shi ranakun ƙaro ilimi, ku daina yi masa tsawa a gaban abokan ciniki. Ku kuma ƙannena, wanda fotokwafi kaɗai ya iya ya nemi horo kan haɗa na'urori da tsaron bayanai kafin a buɗe rajistar JAMB mai zuwa.